Abokin Aikin Baba Nu'man

"Tsakanin azahar da la'asar kawai," in ji Ramatu. "Lokacin ai ƙuda ma ba ya shigo maka."

Garga ya dubi bencinansa, soso duk ya leƙo ta tsagar leda. Tun da kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta shigo Yawunde, aka sallami ma'aikata daga ofisoshi, samarin unguwar Birketeri suka samu wurin kashe wuni a rumfarsa ta ɗaga ƙarfe: gwangwanayen madara cike da siminti, ƙarafan tsohuwar mota, da babban madubi ɗaya jingine da bango.

"Nan ba gidan tsofaffi ba ne, ƙanwata."

"Zan ɗinke maka bencin nan duka, Yaya Garga. Kai kuma ka shimfiɗa katako a kan kwatar ƙofa, ka sa masa abin dafawa. Baba ba ya iya tsallake."

Baba Nu'man, mahaifinta, gigin tsufa ya kama shi. Sau biyu ana tsinto shi a unguwar Tsinga ba takalmi. Yayanta Rashidu har ya sayo kwaɗo, ya ce in tsohon ya sake fita zai kulle shi a ɗaki. Ita kuwa Ramatu ta ga yadda maƙwabcinsu ya ƙare da aka kulle shi: wata uku, ƙafa ta mutu. Likita ya ce mata a gajiyar da jikin da rana, yawon zai ragu.

Garga ya shafa sosan benci, ya ce ya yarda.

Ranar farko tsohon ya bi katakon a hankali, bai kalli ƙarfe ko ɗaya ba. Madubi ya nufa, ya tsaya, fuskarsa ta washe.

"Njidda. Ashe ka riga ni."

Ramatu ta raɗa wa Garga cewa Njidda abokin aikinsa ne a tsohon wurin gasa bulo, wanda unguwar Birketeri ta ci sunansa. Su biyu ke miƙa wa juna bulo daga bakin tanderu. Bangon tanderun ne ya faɗo wa Njidda tun ba a haife ta ba.

Garga mutum ne mai gane ciniki. Ya kwaso jan bulo shida daga bayan gida ya tara gaban madubi. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki biyu, ya juya ƙugu ya miƙa, na cikin madubin ma ya miƙo. Ya ajiye, ya sake ɗauka. Gumi ya jiƙa masa taguwa, yana ta yi wa abokinsa tsiya, wai har yanzu hannunsa na mata ne.

Sati uku ana haka. Ramatu ta ce yana cin tuwo, yana barci, bai ƙara nufar titi ba.

Wata Laraba, hadari ya rufe gari, rumfar ta yi duhu. Garga na zaune yana kallo. Tsohon ya sunkuya zai ajiye bulo, sai Garga ya ga kamar na cikin madubin bai sunkuya ba tukuna, yana tsaye, idonsa a kan bencin da Garga ke zaune. Garga ya murza ido. Komai daidai.

Baba Nu'man ya waiwayo. "Njidda na gaishe ka. Wai kai ne ɗan mai yankakken kunnen nan?"

Uban Garga ya rasu a Garwa, kunnensa na hagu rabi ne, kuma Garga bai taɓa faɗa wa kowa a Yawunde ba. Ya ce wa kansa ƙila uban ya taɓa yin ci-rani a nan. Duk da haka, da suka tafi, ya ɗauko tsohon bargo ya lulluɓe madubin.

Washegari tsohon ya tsaya gaban bargon kamar mai jiran a buɗe ƙofa. Bai taɓa bulo ba. Kwana biyu bayan nan aka tsinto shi a unguwar Madagaska yana tambayar mutane hanyar tanderu.

Ramatu ta zo ita kaɗai. "Rashidu ya kafa ƙarfen kwaɗon. Juma'a zai rufe. Ka cire bargon nan, Yaya."

"Ba zan iya ba."

"Ƙaton mutum kamarka, madubi?"

"Kawo shi gobe," ya ce, bai kalle ta ba.

Da tsohon ya shigo, ya tarar da Garga tsaye gaban bargon, ba riga, hannu biyu a buɗe. Ya daɗe yana dubansa.

"Njidda, ka yi ƙiba."

"Na'am," in ji Garga. "Miƙo."

Bulo ya zo hannunsa. Garga bai taɓa wannan aiki ba, amma ƙugunsa ya juya da kansa, ƙafar hagu ta ja baya, ya ajiye bulon a gicciye kamar wanda ya shekara yana yi. A bayansa gefen bargon ya ɗan motsa, alhali ba iska.

Rashidu bai rufe ƙofar ba. Kwaɗon yana jikin akurkin kaji yanzu. Baba Nu'man ya tsira da ƙafafunsa, da su ya riƙa zuwa masallaci har shekara biyu kafin ya rasu. Ramatu ta samu barci. Wasu tsofaffi uku ma suka fara bin katakon nan da rana, har da Azumi mai ƙosai da sandarta. Samari kuwa, da suka ga ba madubin duba ƙirji, rabinsu suka koma wata rumfa a Nkomkana.

Garga ya samu bencina sababbi fil, ya rasa rabin samarinsa. Bargon har yau bai ɗaga ba. Kuma in kana son ya waiwayo da sauri a kasuwa, mutanen unguwa sun san sunan da ake kira.