Dashen Kacalla

Shekara goma sha biyu Haladu Auta ya yi yana saran kacalla kyauta a ƙauyensu da ke gabas da Kirikasamma. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa. Duk wanda ya sare ta, albarka ake sa masa.

Sai wani kamfani a Kano ya gano ana iya yin silin da ita. Suka ɗauki Haladu ya riƙa kai musu mota biyu a wata. Ya sayi sababbin adduna, ya ɗauki mutum shida aiki.

A wata na huɗu Malama Sakinatu ta zo daga kamfanin da takarda mai shafi tara. Ta ce masu sayen silin ɗin a ƙasashen waje ba sa karɓar kayan da aka ɓata muhalli wajen samo su.

"Sharaɗi na bakwai," in ji ta, "duk tsiron da aka sare, a dasa biyu a madadinsa."

"Malama, kacalla ce fa. Ba a dasa ta. Roƙon Allah ake yi ta tafi."

"Na sani, Malam Haladu, ni 'yar Kaugama ce. Amma don masu katako aka rubuta takardar, kuma babu gurbin da zan sa 'kacalla ce'. Hoto suke so."

Washegari da hantsi Haladu ya shiga ruwa har gwiwa, ya fara dasawa jere-jere kamar shinkafa, Sakinatu tana ɗaukar hoto daga cikin kwalekwale. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Kawu Modu, ƙanin mahaifiyarsa, wanda gonarsa ke gefen wurin, ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana kallo.

"Auta, me kake yi?"

"Dashe, Kawu."

"Na me?"

Haladu ya ci gaba da dashensa. Kawu Modu ya wuce kai tsaye wurin Gumsu, matar Haladu, ya ce mata ta riƙa lura da mijinta. Tun daga ranar kokon Haladu ya fara ɗaci, don rubutu da saiwoyi take zuba masa a ɓoye.

Dashen kuwa ya kama, ko ɗaya bai mutu ba. Kamfanin ya ce a duk masu kawo masa kaya ba a taɓa ganin irin wannan ba. Suka turo mutum uku da lambar yabo da wani ƙaton allo, aka kafa a bakin ruwa: KURMIN KACALLA NA HALADU AUTA. AN HANA SARA.

Lokacin kuwa dasasshiyar ta riga ta haɗe da wadda ta fito da kanta, babu mai iya nuna iyakarsu. Sai aka rubuta fadamar gaba ɗaya a matsayin kurmi. Bayan mako biyu wasiƙa ta iso: sharaɗi na goma sha ɗaya ya hana kamfanin sayen kaya daga wurin da aka keɓe. Suna baƙin cikin rabuwa da shi, amma sun naɗa shi mai gadin kurmin, ga hula ga usur.

Haladu ya zauna a gindin allon kwana uku. Ruwa ya daina kaiwa gonar Kawu Modu, shinkafar ta fara ja. A rana ta huɗu tsohon ya zo da adda a hannu.

"Za ka hana ni, Auta?"

"An ce in na ga mai sara in hura usur, Kawu. Ba a ce in yi wani abu bayan nan ba."

Ya hura. Mutane suka ji, suka fito su ga me ya faru, suka tarar da tsoho shi kaɗai cikin ruwa yana fama. Kowa ya koma gida ya ɗauko addarsa. Kafin azahar ruwa ya shiga gonar.

Yanzu duk Asabar da safe Haladu yakan hura usur, a taru a yi gayya. Sakinatu kuma ta rubuta a rahotonta cewa mai gadi yana bakin aikinsa.