Man Sadaka a Injin Motar Gawa

Ka ga hayaƙin nan, kada ka ce ba ka gani ba. Duk ranar da aka yi rasuwa a unguwarmu ta Dabokpa, nan Tamale, kana cikin masu bin motar gawa a kan babur, shuɗin hayaƙi yana dukan fuskarka, kai kuma ka toshe hanci da hannun riga ka kau da kai. Bayan an dawo daga maƙabarta ka sayi galan ɗin baƙin mai ka ajiye a ƙofar masallaci, ka ce sadaka ce, ka koma gida hankalinka kwance.

Motar tsohuwar fikof ce fara, ta jama'ar unguwa. Mba Zubeiru, wato Baba Zubeiru, ke tuƙa ta tun muna yara, ba don ana ba shi komai ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi: ba a taɓa barin mamaci yana jiran mota a unguwarmu ba.

Da ƙyar na shawo kansa, wata Asabar da hantsi muka kai ta garejin Masta Kojo a unguwar Choggu. Kojo mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a Tamale. Ya tsaya yana kallon hayaƙin da muka shigo da shi.

"Mba, wannan mota ne ko maganin sauro?"

"Ka fara gaishe ta," in ji Mba Zubeiru. "Ta girme ka."

Kojo ya leƙa ƙarƙashi, bai ga yoyo ba. Ya sa aka taka totur, hayaƙin ya ƙaru. Ya kwance filogi, duk sun jiƙe da mai. Sai ya ɗaura ma'auni a ramin filogi ɗaya, aka murza makulli, allura ta tashi da ƙyar. Ya ɗiga mai kaɗan a ramin ya sake gwadawa, allura ta yi sama.

"Ringin fistin ne," in ji shi. "Ba ya riƙe mai. Mai yana hawa sama, yana ƙonewa da fetur. Shi ne kuke shaƙa."

Ya zaro sandar duba mai. Abin da ke jikinta baƙi ƙirin, yana da kauri kamar kwalta.

"Yaushe aka yi juyen mai na ƙarshe?"

Mba Zubeiru ya gyara hularsa. "Ƙarawa muke yi. Ba mu zubarwa."

"Ko sau ɗaya?"

"Masta, wa zai zubar da sadaka? Wanda na zuba jiya, 'ya'yan Hajiya Adizatu ne suka kawo da sunan uwarsu. Kafin shi na gidan malaminmu Afa Abdul-Ganiyu ne. In kwance ƙasan inji in malalar da su a turɓaya?"

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Mu duka mun mai da galan ɗin nan abin wanke kai, ba wanda ya taɓa tambayar inda man yake zuwa.

Kojo bai yi dariya ba. Ya goge hannu ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce hanya biyu ce. Ko a sayo tsohon inji daga Kumasi a ɗora. Irin nata ya yi wuya yanzu, na dizal ne ya fi samuwa, yana da ƙarfi, amma sai an yanka mazaunin inji, an canja giya, kuma ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai an tayar.

"Na dizal mai ƙara kamar injin niƙa?" in ji Mba Zubeiru. "Mutanen da nake ɗauka sun gama da hayaniya."

Ko kuma a buɗe wannan, a wanke, a sa sabon ringi. Kojo ya fi son haka.

"Ko sabon inji ka kawo, haka zai zama," ya ce. "Motan nan ba ya gudu. Daga masallaci zuwa kabari, a hankali, inji bai yi zafi ba an kashe. Ga mai ba a canjawa. Inji ba ya son haka."

"To, a buɗe. Yau zan koma da ita?"

"Yau? Mba, sai mako guda, in kayan sun zo da wuri."

Wayar Mba Zubeiru ta yi ƙara. Na ga hannunsa ɗaya ya riga ya kai kan makulli kafin ya amsa. Ya saurara, kafaɗunsa suka sauka. Matarsa ce, Lamisi, tana cewa ya biyo da kifi.

Ya mayar da wayar aljihu. "Ka gani? Kowane kira haka nake. Nuna mini makon da ba wanda zai mutu a Dabokpa, in bar maka ita."

Na ce ai ana iya yin haya ta motokin, babur mai akwati a baya.

"Wanda ya kwashe shara da safe? Sheriff, ɗana, uwarka za ka sa a ciki?"

Sai Kojo ya ce ko juyen ne a yi yau. A garinsu, in ji shi, tsohon mai suke shafa wa katako don gara.

Mba Zubeiru ya tuna da katakon masallaci. Ginshiƙan rumfar masallaci gara ta fara ci, haka ƙafafun bencin da ake zaman makoki a kai.

"A tara shi a galan mai tsabta. Kada ɗigo ya taɓa ƙasa."

Haka aka yi. Shi da kansa ya riƙe mazurarin. Muka dawo da sabon mai a inji, tsohon a baya inda ake ajiye makara. Hayaƙin bai daina ba, kuma Kojo ya faɗa mana a fili: wata rana za ta tsaya a tsakiyar hanya da mutum a bayanta.

Ba wani galan ake nema ba. Fikof nawa ne ke kwana a harabar gidajen unguwar nan? Taka tana cikinsu, ko ta yayanka, ko ta wurin aikinka. Wanke bayanta, kai wa Mba Zubeiru makulli bayan sallar Juma'ar nan, ka bar masa ita mako ɗaya. Zai ajiye tasa a Choggu ne kawai in ya ga taka a ƙofar masallaci.