Hantar Abdulwahid

Sama'ila mahauci ne a Geceme, kuma shekara biyu ke nan ba wanda ya sayi hanta a teburinsa. Da an feɗe akuya sai ya yanke ta, ya naɗe a takardar siminti, ya aika gida. Ta ɗansa Abdulwahid ce.

Abdulwahid yana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ta Dogon Dutsi lokacin da hannunsa ya fara rawa. Malamai suka ce sakarci ne, don rubutunsa ya lalace. Sannan harshe ya yi nauyi, miyau ya fara zuba, aka maido shi gida. A dispansar, ƙaramin asibitin gari, suka ce jininsa ya yi ƙasa. Jini kuwa sana'ar Sama'ila ce, ya san abin da ke ƙara shi: hanta, gasassa da safe, dafaffa da rana.

Uwarsa Habiba ta kai shi wajen wata mai bori a Matankari. Matar ta ce Doguwa ce ta taɓa shi, ta ɗaura masa munduwar tagulla, ta ce a yanka jar akuya. Aka yanka. Hantar ma shi ya cinye.

Da ya daina iya riƙe kofi, sai suka tafi Yamai. Likitan ido ne ya gano, bayan manyan likitoci uku sun gama gwada iliminsu. Ya sa haɓar yaron a kan wata na'ura, ya haska, ya kira Sama'ila.

"Baba, ka ga wannan zobe a gefen baƙin idon? Tagulla ce."

Sama'ila ya kai hannu zai fizge munduwar.

"Bar mishi, ba ruwanta. Duk cikin maganin da kuka yi, ita kaɗai ce ba ta cuce shi ba."

Likita ya yi bayani. Kowa na buƙatar ɗan tagulla, kaɗan, daga abinci, jiki kuma yana zubar da ragowar. Jikin Abdulwahid ba ya zubarwa, haka aka haife shi. Ta taru a hantarsa, ta cika, ta haura ƙwaƙwalwa.

"Kai da uwarshi dangi ne?"

"Ɗiyar baffana ce."

"To. Mi yake ci?"

"Lokotoro, ba ni da kome, amma ban bar shi da yunwa ba. Hanta kullum."

Likita ya cire tabarau ya goge, ko da yake ba su yi datti ba. Ya ce a cikin nama duka babu inda tagulla ta fi yawa kamar hanta. Ya ce ba cin hantar ya kawo ciwon ba, ta dai yi masa hidima. Akwai maganin da ke fitar da tagullar, ana sha har ƙarshen rai, daga waje yake zuwa. Suka zaga farmasi-farmasi, ko'ina ana yaba kyawun rubutun likita ana maido musu da takardar. A ƙarshe ya ba su ƙwayar zinc, irin ta zawon yara, ya ce za ta tare sabuwar tagulla, lafiyar da ta tafi kuwa kada su jira ta. Ya ce a kawo ƙannensa a duba.

Ƙanwa ɗaya ce, Amira. Da suka dawo, Sama'ila ya tsayar da ita a rana, ya buɗe mata ido da yatsu masu ƙarnin nama. Baƙi ne wuluk, bai ga kome ba. A na Abdulwahid ma, shi bai taɓa ganin kome ba.

"Baba, da kuna Yamai ni nake cin hantar yaya," in ji ta. "Inna ta ce kada ta lalace."

Ranar kasuwa ya shimfiɗa hanta a gaban tebur. Hakim direba, wanda ya gaji da tambayarta tun bara, ya taka birki.

"Sarkin fawa! Yau hanta ta fito kasuwa? Yaro ya miƙe ke nan!"

A gida an kwantar da Abdulwahid a inuwa, da tsumma a ƙarƙashin haɓa.

"Da sauƙi," in ji Sama'ila, ya ɗauki wuƙa. "Ta nawa za a yanka maka?"