Sakiyar Dogo

Ranar Talata, 14 ga Fabrairu, 2023, da hantsi, mutum bakwai ne a tsakar gidan Dogo, manomin tumatir a wani ƙauye kusa da Bunkure: shi Dogo kwance a tabarma, wansa Datti, Fa'iza 'yar Dogo mai karatun aikin jinya, wanzami Hambali, da majiya ƙarfi uku da aka kira daga gona domin su danne shi. Ƙarfen sakiya yana cikin garwashi.

Kwana goma sha tara kafin nan, an ɗauki hoton cikin Dogo a wani asibiti a Kano, aka ga ƙarin daji a hantarsa, faɗin santimita goma sha ɗaya, tsakiyarsa ta mutu ta zama ruwa. Datti, wanda ya haura shekara arba'in yana ban ruwa, tun farkon isowar ruwan Tiga, ya yanke hukunci irin na sana'arsa: ruwan da ya kwanta, fasa masa hanya ake yi.

"Baffa, don Allah ka saurare ni," in ji Fa'iza. "Ƙarin ya girma ya fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi, sai tsakiyarsa ta rasa iska ta mutu. Ƙwayoyin ƙarin na gefe da suka ji shaƙa, sai suka juya sojojin jini da suka zo yaƙarsu, suka sa su taya su haƙa sababbin jijiyoyi. Jijiyoyin nan sun fi fatar tumatir rauni, kuma su suka kewaye ruwan da kake so a fasa."

"Ku ji 'yar boko!" Datti ya ce. "Soja a cikin hanta. Har da bariki? Likitanki ya ce ba zai iya yanka ba. Mu zuba ido ke nan?"

Hambali ya danna kumburin da ke ƙarƙashin haƙarƙarin dama. "Ni fa maruru na saba yi wa, Malam Datti. Wannan tauri gare shi kamar dutsen niƙa."

"Shawara aka kira ka?"

Dogo ya buɗe ido da ƙyar. "Uwata, ƙyale su. Kwana tara ban runtsa ba."

Da Hambali ya zaro ƙarfen jajur, Fa'iza ta yi kukan kura ta cafke ƙarfen da hannun dama. Ƙaurin nama ya tashi, amma ba ta saki ba. Datti ya suri ƙotar fartanya ya maka mata a gwiwar hannu, har aka ji ƙarar ƙashi. Ta faɗi, ta rarrafo ta cije shi a ƙwauri, ya haure ta ta bugu da turmi.

Aka mayar da ƙarfen wuta. Biyu suka hau ƙafafun Dogo, ɗaya ya danne ƙirjinsa, Datti ya riƙe kai. Hambali ya soka ƙarfen a kumburin. Ihun da Dogo ya yi, masu tsinkar tumatir a ƙetaren kanal ɗin ban ruwa sun ce sun ji shi.

Ruwa baƙi-baƙi mai wari ya fara fita, kimanin rabin kofi.

"Kun gani!" Datti ya ɗaga murya. "Ina sojojin?"

Bai rufe baki ba jini ya biyo baya, ja wur, yana tsartuwa. Hambali ya toshe da tsumma, tsumman ya jiƙe. Ya toshe da hularsa. Cikin Dogo ya yi ta ɗagowa, domin abin da ke zuba ciki ya fi na waje. Fa'iza ta ja jiki ta danne ramin da hannun hagu, tana kiran a nemo mota.

Motar kwandunan tumatir aka samu. Dogo ya cika kafin su isa Kura, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, yana da shekara hamsin da huɗu.

Yatsu uku na hannun Fa'iza ba su sake miƙewa ba. A watan Nuwamba na 2024, Datti ya zo ƙofarta da kumburi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya roƙi ta raka shi Kano. Ita ta cika masa katin asibiti, da hannun hagu.