Fitila Biyu a Kwando

A ofishin da suke gina manhajar wani shagon kayan gida, Dogo ne ke riƙe da uwa. Haka suke kiran babban ɓangaren shafin, wanda ƙananan ɓangarori ke rataye a jikinsa. Idan mai saye ya danna maɓallin da ke ƙarƙashin hoton kaya, maɓallin ba ya magana da kwandon sayayya kai tsaye. Sai ya kai wa uwa saƙo, ita kuma ta miƙa wa kwando. 'Ya'yan ko gaisawa ba sa yi sai da saninta.

Mutanen ofishin ma haka suka koma. Duk wanda zai taɓa wani abu sai ya biyo ta teburin Dogo, can kusa da taga. Wanda ya fi kowa zarya shi ne Auta, ƙaninsa ciki ɗaya, mai kula da kwando. Dogo ne ya koya masa aikin a kan tsohuwar kwamfutarsa mai tsagaggen gilashi, shi ne kuma ya kawo shi wurin. Kullum sai Auta ya jawo kujera, ƙiii, ya ce, "Yaya, duba min nan." Dogo ya yi tsaki, wai ana hana shi aiki, alhali duk duniya babu ƙarar da yake so kamar ta kujerar nan.

Ana nan sai aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, suna ce mata Baƙuwa. A taronta na farko ta ce saƙonni suna shan wahalar hawa da sauka. A gina rumbu guda a tsakiya, kowane ɓangare ya ajiye labarinsa a ciki, mai bukata ya ɗauka da kansa. Manaja ya gyaɗa kai. Auta kuwa har da tafi. Tafi fa! Yaron da Dogo ya koya wa inda ake kunna kwamfuta.

Daga ranar kujerar ta canja hanya. Dogo yana jin ƙiii ɗinta, sai dai tana nisa da shi, ta nufi teburin Baƙuwa. Ya ji su suna dariya ƙasa-ƙasa, ya ƙura wa allonsa ido bai ga harafi ko ɗaya ba. Kishi ne, tsagwaronsa, ko da yake da za ka faɗa masa haka sai ya rantse maka aikin yake karewa.

A mota suna komawa gida Auta ya ce, "Yaya, wallahi matar nan ta san aiki."

"To, gobe sai ta kai ka gida."

Auta ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

Da aka gama rumbu, Manaja ya ce Dogo ya goge layin da uwa ke sauraron maɓallin da shi. Dogo ya ce an gama. Bai goge ba. Ya ce wa kansa ai rumbun nan ba zai kai labari ba, ranar da ya rushe uwa tana nan, kuma Auta zai dawo da kujerarsa yana sosa ƙeya.

Ranar gwaji mai shagon ta zo da kanta. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta danna hoton wata fitila sau ɗaya. Kwando ya nuna biyu. Ta goge, ta sake dannawa. Biyu.

"Ni fa fitila ɗaya nake so," in ji ta. "Ko dole za ku yi wa mutane?"

Manaja ya juya ya kalli Auta, tunda kwando nasa ne. Dogo ya ji tausayin ƙaninsa, amma can ƙasan tausayin akwai wani daɗi mara kunya. Har ya janye kofin shayinsa gefe, ya gyara wa kujera wuri.

Ƙiii. Ta wuce ta bayansa, ta tsaya wajen Baƙuwa.

Ba su daɗe ba. Auta ya taso ya zo a tsaye, hannu a aljihu, ya sunkuyo yadda Manaja ba zai ji ba.

"Yaya, uwa tana saurare har yanzu. Ta hanya biyu saƙon ke zuwar min, nata da na rumbu." Ya kalli Dogo. "Ka ce ka goge."

Auta ya nuna allon Dogo da yatsa.

"Layi ɗaya ne. Za ka cire, ko in cire?"

Dogo ya cire da hannunsa. Ya zauna yana jiran wani abu ya lalace, ko da ɗan ƙarami ne, wanda zai sa a waiwayo a neme shi. Mai shagon ta danna. Fitila ɗaya ta faɗa kwando, shafin ya ci gaba da aikinsa lafiya lau. Auta ya koma ya zauna inda ya bar kujerarsa.