Ƙofar da ke Bayan Darduma

Kwana huɗu da zuwana garin, 'yata ba ta samu ko wuni ɗaya ta zauna da ni ba. Aikin asibiti ya sha kanta. Kullum da safe tana saka takalmi take cewa, "Baba, ka fita ka miƙe ƙafa mana, kar ka wuni kallon bango."

Sai na shiga kasuwarsu mai rufi. Na ratsa layin turare, na faɗa na masu fitilu. Kowa sai "Alhaji, zo ka gani," amma ba wanda ya san ni. Na tsaya gaban wani mayafi ruwan toka ina shafawa.

"Na Hajiya ne?" in ji mai kayan.

"Nata ne," na ce. Shekara biyu ke nan da muka binne matar tawa. Ya naɗe min, na sa a jaka.

Da azahar ta yi na tambayi wani mai dardumai inda ake salla. Ya fara nuna min babban masallaci a tsallaken titi, sai ya dubi sandata, ya ɗage wata darduma da ke rataye. Ashe ƙofa ce a bayanta, sai an sunkuya ake shiga. Matakala bakwai na sauka.

Ɗakin ba zai ɗauki mutum goma ba. Bangon dutse ne mai sanyi, ya yi sumul inda kafaɗu suka daɗe suna gogarsa. Wani tsoho na shara a ciki.

"Baƙo ne? Madalla," ya ce. "Tun da aka gina na tsallaken, ni ke kiran salla, ni ke amsawa. Shiga gaba."

"Haba, ai kai ne mai wurin."

"Na gaji da jin kabbarata, malam."

Muka yi sallarmu mu biyu. Da muka sallame ya riƙe hannuna, ya tambaya ko ina da mamaci. Na faɗi sunanta. Ya daɗe yana yi mata addu'a.

Washegari na dawo masa da dabino, na tarar da ƙofar a kulle. Mai dardumai ya ce ƙafar tsohon ta kumbura, ɗansa ya zo ya tafi da shi gida, ba a san ranar dawowa ba. Mabuɗin na wurin mai dardumai, ya buɗe min.

Na ajiye dabinon kusa da tsintsiya. Na ɗan jira ko wani zai sauko, sannan na yi iƙama a hankali na tayar da salla.