Ibranancin Sinora

Da ƙyar Sinora Penkar ta kutsa taragon mata a tashar Kalyan, lemarta na ɗigar ruwa a ƙafafun mutane. Shekararta sittin da huɗu, kuma wata bakwai ke nan ba ta fasa zuwa ajin manya na koyon Ibrananci ranar Lahadi a majami'ar Yahudawa da ke Thane ba. Yau ta fi kullum sauri, domin jikarta Liora, 'yar ɗanta Gidyon da ke birnin Ashdod can ƙasar waje, ta cika shekara shida. Yarinyar ba ta jin Marathi, Sinora kuma ba ta jin Ibrananci, don haka duk kiran waya a murmushi da ɗaga hannu yake ƙarewa.

Su takwas ne a ajin, ƙaraminsu ya haura hamsin. Malam Menashe, mai jan addu'a a majami'ar, yana cikin ba da tarihin kakanninsu masu matse mai a ƙauyukan Konkan na gaɓar teku, Sinora ta ɗaga hannu. Ta nemi gafara, ta ce abu ɗaya take so ya koya mata yau: yadda za ta gaya wa yarinya cewa tana kewarta.

Ezekiel Talkar, tsohon akawun jirgin ƙasa da ba ya barin kowa ya huta, ya ce, “Yaya Sinora, wata bakwai kina kan harafi na biyar, yau kuma zance za ki yi? Ki bari yarinyar ta yi aure tukuna.”

“Kai da ka gama haruffan, har yanzu a kife kake riƙe littafi,” in ji ta. Aka yi dariya.

Malam Menashe bai yi dariya ba. Ya cire tabarau yana gogewa, ya faɗi gaskiya cewa shi Ibranancin addu'a ya sani, bai taɓa hira da kowa da shi ba. Duk da haka ya buɗe littafin addu'o'i, ya tsinto kalma nan, kalma can, ya haɗa mata jimla, ya rubuta da haruffan Marathi a bayan tikitinta. Sauran darasin ya tafi a kan wannan jimla. Kowa ya maimaita, har Ezekiel.

Da aka tashi, ta tsaya a baranda inda ruwa ba ya kaiwa, ta kira. Fuskar Liora ta cika wayar, haƙoran gaba biyu babu. Sinora ta karanta jimlarta a hankali.

Yarinyar ta fashe da dariya ta juya tana kiran babanta. Gidyon ya karɓi wayar, shi ma yana danne tasa dariyar. Ya ce wai Liora na tambaya, me ya sa kakarta take magana kamar tsohon da ke karatu a majami'a ranar Asabar, kuma ko da Ubangiji take magana. Sinora ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Shekara tara Gidyon yana roƙonta ta taho wurinsu da zama, ita kuwa tana cewa ba za ta bar kabarin babansa ba wanda zai share.

Liora ta fizge wayar ta shiga zuba magana, tana nuna gadonta, tana nuna wata katifa a ƙasa. Sinora ba ta kama komai ba, sai kalma ɗaya da ta yi ta dawowa. Ta san ta, domin tana cikin addu'o'in da ake yi tun tana yarinya. Ma'anarta, yaushe.

Kafin Gidyon ya fassara, ta ce masa ya bari, ta ji. Ta ce za ta sake kira.

Ta koma ciki. Malam Menashe yana kashe fankoki, Ezekiel yana neman takalminsa ɗaya.

“Malam,” in ji ta, “yaya ake cewa bayan damina?”

Ya juyo ya dube ta. Ya ce wannan kam akwai shi a littafi, addu'ar ruwa cike take da shi. Ya sake kunna fanka ɗaya, ya jawo mata kujera.